Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi: Tarihi da Hikaya

Gabatarwa

A cikin sarakunan da suka yi zamani a ƙasar Hausa kafin jihadi, kaɗan ne sunansu ya ɗore a bakin jama'a kamar na Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Har yanzu sarakunan Argungu suna danganta kansu gare shi, gidan tarihin garin ma sunansa yake amsawa. Sai dai duk wanda ya zauna nazarin labarinsa zai tarar da matsala guda: abin da aka rubuta game da shi kusa da zamaninsa ɗan kaɗan ne, abin da ake faɗa da baki kuwa yana da yawa ƙwarai, kuma su biyun ba kullum suke dacewa ba. Manufar wannan lacca ita ce a rarrabe tsakanin abin da tarihi ya tabbatar da abin da hikaya ta ƙara, sa'an nan a nuna cewa ita hikayar ma tana da nata amfani ga mai nazari, muddin an san irin tambayar da ya kamata a yi mata.

Inda ake samun labarin

Madogara uku ce ake da ita. Ta farko ita ce Tarikhus Sudan, littafin da Abdurrahman as-Sa'adi, malamin Tambutu, ya rubuta wajen 1655. Littafin tarihin daular Songhai ne, saboda haka Kanta ba ya fitowa a ciki sai inda al'amarinsa ya shafi sarakunan Gawo, watau Askiyoyi. Amfaninsa shi ne yana kawo shekarun hijira, kuma marubucinsa ba shi da wani dalili na kambama mutumin da ya yi wa sarkinsu tawaye.

Ta biyu ita ce Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya kammala a 1812, shekara biyar kafin ya zama Sarkin Musulmi. Tsakanin Bello da Kanta akwai fiye da shekara 250, abin da ya rubuta kuwa ya samo shi ne daga abin da mutanen ƙasar suke riwaitowa. Ya kamata a tuna cewa a lokacin da yake rubutun, jama'arsa da Kabawa suna cikin gaba. Duk da haka bai rage wa Kanta girma ba, ya ma bayyana daularsa a matsayin mai ƙarfin gaske a wannan yanki.

Ta uku ita ce tarihin baka na Kabawa kansu, wanda fadawa da makaɗa da dattawa suka riƙe. Ma'aikatan Turawa sun tattara wani sashe nasa, kamar P. G. Harris a shekarun 1930, daga baya kuma Hogben da Kirk-Greene suka shigar da shi cikin littafinsu na tarihin masarautun Arewa a 1966. A nan ne ake samun labarin asalin Kanta da ƙuruciyarsa da yawancin abubuwan ban mamaki da ake jingina masa.

Ƙasar da ya taso a cikinta

Ba za a fahimci Kanta ba sai an fahimci ƙasar. Gulbin Rima, wanda ake kira gulbin Kabi a wannan ɓangare, yana gangarowa ta Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya je ya faɗa Kwara. A gefensa akwai fadama mai faɗi wadda ruwa yake shafewa kowace damina. Wannan fadama tana ba da shinkafa da kifi da makiyaya da rani, tana kuma ba da hanyar jirage zuwa Kwara. Daɗin daɗawa, ita kanta kariya ce, domin rundunar dawaki ba ta da kataɓus a cikin laka da ruwa.

Ta fuskar siyasa kuwa, Kabi tana kan iyaka ne. Daga yamma akwai Songhai, wadda a ƙarƙashin Askiya Muhammadu (1493 zuwa 1528) ta kai ƙarshen ƙarfinta. Daga gabas akwai Zamfara da Gobir da Katsina, can gaba kuma Barno. Daga arewa akwai Azbin da birninta Agadas, inda hanyoyin fatake na Sahara suke haɗuwa. Mutanen ƙasar ma gauraye suke: manoma masu jin Hausa, da masunta, da Fulani makiyaya, da waɗanda suka zo daga wajen Dandi da Zabarma. Wataƙila wannan gauraya tana cikin dalilan da suka sa aka lasafta Kabi cikin Banza Bakwai a labarin Bayajida, ko da yake Hausa ce harshen Kabawa.

Asalinsa bisa ga hikaya

Tarihin baka ya ce mahaifin Kanta, Makata, ya zauna a Kuyambana cikin ƙasar Katsina, inda ya sami sarauta, ya kuma auri 'yar Sarkin Katsina, ita ce ta haifi Kanta. Da mahaifin ya rasu, sai aka tsallake Kanta aka ba wani sarautar. Wannan ya ɓata masa rai, ya bar gida ya nufi yamma, ya shiga cikin Fulani yana yi musu kiwo. A nan ne ƙarfinsa ya bayyana. An ce babu wanda ya taɓa kai shi ƙasa a dambe ko kokawa, duk dandalin da ya shiga shi ne zakara. Samari suka riƙa binsa, har suka zama runduna, ya kafa zango a Leka. Daga sunan wannan gari ne aka sami Lekawa, sunan zuriyar da ke sarautar Kabi.

Muhammadu Bello kuwa ya kawo wata riwaya dabam, cewa an ce Kanta bawan Fulani ne. Idan aka dubi riwayoyin biyu da kyau, za a ga sun haɗu a kan abu ɗaya, watau zamansa cikin makiyaya, sun rabu a kan fassararsa. Ga Kabawa, ɗan sarki ne da aka zalunta ya fake da kiwo. Ga waɗanda Bello ya ji daga bakinsu, bara ne da ya ɗaukaka. Kowane ɓangare ya faɗi labarin yadda ya dace da matsayinsa a rikicin ƙarni na 19. Abin da za a iya ɗauka daga duka biyun shi ne Kanta bai gāji gadon mulkin wata babbar daula ba, da kansa ya tara jama'arsa.

Wannan siga ta labari ba Kabi kaɗai take da ita ba. Sunjata, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, an ce sai da ya yi gudun hijira saboda ƙiyayyar 'yan uba kafin ya dawo ya ci sarauta. A can ƙasar Koriya ma, littattafan tarihinsu sun ce Jumong, wanda ya kafa daular Goguryo a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa, gwanin harbin kibiya ne da aka sa shi kiwon dawakin sarki, 'ya'yan sarkin suka yi masa hassada, ya gudu ya ƙetare kogi ya kafa tasa ƙasar. Babu wata alaƙa tsakanin waɗannan ƙasashe da za ta sa a ce wani ya kwaikwayi wani. Abin da ya haɗa su shi ne buƙata iri ɗaya: duk zuriyar da ta fara daga mutum guda tana son ta nuna cewa yana da jinin sarauta, kuma bai sami mulki ba sai da cancanta. Masanin tarihi Dierk Lange, Bajamushe, ya tafi nesa da haka, ya kwatanta hikayar Kanta da ta Sargon na tsohuwar ƙasar Iraƙi, yana ganin akwai alaƙar asali, amma wannan ra'ayi bai sami karɓuwa ga yawancin masana ba.

Rabuwa da Askiya

Daga nan ake shiga fagen da akwai shekaru tabbatattu. Tarikhus Sudan ya nuna cewa Askiya Muhammadu ya kai yaƙi Katsina wajen 1513, sa'an nan a shekara ta 921 ta hijira, watau 1515, ya ɗaura wa Agadas yaƙi, ya komo a shekarar da ta biyo. Cikin waɗanda suka raka shi akwai mai Leka, wanda littafin ya kira Kuta, mai laƙabin Kanta. Kabawa suna ce masa Kotal.

Da aka komo, Kanta ya zauna jiran rabonsa na ganima, bai ga komai ba. Ya je ya tambayi Dandi-fari, babban hakimin Askiya mai kula da yankin Dandi, shi kuwa ya kwaɓe shi, ya nuna masa cewa neman rabo daga hannun sarki daidai yake da tawaye. Kanta ya yi shiru. Amma mutanensa suka matsa masa, suna tambayar ina nasu kason. Ya sake komawa, aka sake hana shi. Daga nan aka gwabza, Kanta ya fita daga ɗa'ar Songhai. A 1517 Askiya ya kai masa yaƙi bai sami galaba ba.

Akwai abin lura a wannan labari. Kanta bai yi gaggawar tawaye ba, jama'arsa ne suka tura shi. Shugaban da ƙarfinsa ya dogara ga mayaƙan da suka bi shi don kansu, in ya kasa samo musu haƙƙinsu, to, ya rasa su. Ashe ke nan littafin Tambutu ya gaskata wani ɓangare na hikayar Kabawa ba da nufi ba: mutum ne mai tara mabiya, wanda mulkinsa ya ginu a kan amincewarsu.

Songhai ba ta haƙura ba. Askiya Muhammadu Bankanu, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya sake kawo yaƙi, aka haɗu a wani wuri da ake kira Wantarmasa, aka yi wa rundunarsa mummunan kaye. Littafin ya ce da ƙyar Askiya ya tsira, sai da wani hakiminsa ya goya shi ya ƙetare da shi fadama. A zamanin Askiya Dawuda an sake samun saɓani, aka yi sulhu wajen 1553. As-Sa'adi ya tabbatar da cewa Kabi ba ta sake komawa ƙarƙashin Songhai ba har daular ta faɗi.

Game da faɗin ƙasar da Kanta ya mallaka, Bello ya lasafta Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Azbin da wani sashe na Songhai. A nan sai a yi hattara. Tarihin Kano bai ambaci wani Sarkin Kabi da ya zauna ya mulki birnin ba, sarakunan waɗannan ƙasashe kuma sun ci gaba da gadon sarautarsu. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne Kanta ya yi rinjaye na yaƙi, wasu ƙasashe suka riƙa aiko masa da gaisuwa ko gandu na wani lokaci, yadda aka saba a wancan zamani.

Surame

Shaida mafi ƙarfi a kan Kanta ba a takarda take ba, a ƙasa take. Bello ya ambaci garuruwansa uku: Gungu da Leka da Surame. Surame ita ce babban birninsa, kufanta kuwa yana nan cikin Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato. Abin da ya bambanta ta da sauran biranen Hausa shi ne an yi amfani da duwatsu wajen gina ganuwarta, alhali Kano da Katsina da Zariya da ƙasa aka gina nasu. Har yau ana ganin layukan ganuwar da gurbin ƙofofi da gwalalo. Gwamnatin Nijeriya ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka shigar da shi jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta amince da su.

Hikaya ta kewaye wannan gini da labarai. An ce Kanta ya raba aikin ga ƙasashen da ke binsa, kowa da nasa ɓangaren. Nufawa suka makara, sai ya hukunta su da cewa kada su kwaɓa ƙasarsu da ruwa, sai da man kaɗanya. An ce ya sa Azbinawa su riƙa ɗauko ruwa a kan raƙuma daga wuri mai nisa. An kuma ce yana da wani babban jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake shiga idan gulbi ya kawo.

Ko an kwaɓa ƙasa da man kaɗanya ko ba a kwaɓa ba, labarin yana faɗin gaskiya iri biyu. Ta ɗaya, ginin irin wannan birni yana buƙatar dubban hannuwa, kuma ba a samun su sai da tilas. Ta biyu, kowace al'umma an ambace ta da abin da aka san ta da shi, Nufawa da man kaɗanya, Azbinawa da raƙuma, mutanen gulbi da jirage. Watau labarin tamkar taswira ce ta ƙasashen da Kabi ta yi hulɗa da su, da kayan da suke shigo mata. Haka kuma bai ɓoye tsananin Kanta ba. Kabawa sun riƙe shi a matsayin gwarzo, amma ba su taɓa siffanta shi da taushin hali ba.

Yaƙin Barno da rasuwarsa

Bello ya kawo labarin cewa Mai Ali na Barno ya taso da runduna har Surame. Tarihin baka ya ƙara da cewa da kewayen ya yi tsanani, mutanen Kanta suka ƙare, sai ya sa aka jera gawarwakin mayaƙansa a kan ganuwa, aka tsaga musu baki, wanda ya hango daga nesa sai ya ga kamar dariya suke yi. Barebari suka ga mutanen da aka tsare kwana da kwanaki suna ta dariya, suka karaya, suka janye. Daga nan ne aka ce an sami karin maganar nan, dariya ba loto.

Kanta ya bi su har Nguru, inda aka yi karo da dama ya yi nasara. A kan hanyarsa ta komowa, a wani wuri da ake kira Dugul cikin ƙasar Katsina, ya yi arangama da wasu da suka yi masa tawaye, aka harbe shi da kibiya. Ya rasu a Jirwa, mutanensa suka ɗauko gawarsa suka kai Surame suka binne. Wannan ya faru ne wajen tsakiyar ƙarni na 16.

Sunan Mai Ali yana buƙatar bayani. Wanda ya fi shahara da wannan suna shi ne Ali Gaji, wanda ya kafa Birnin Gazargamu, amma shi ya rasu tun kafin Kanta ya rabu da Askiya. Akwai jikansa, Ali ɗan Idirisu, wanda zamaninsa ya dace da na Kanta. Irin wannan rikicewar suna abu ne da ya zama ruwan dare a tarihin baka, inda sanannen suna yake haɗiye wanda bai kai shi ba.

Haka abin yake ga Kanta kansa. Kalmar ta zama laƙabin sarauta ga waɗanda suka gaje shi. Bayan da rundunar Maroko ta karya Songhai a Tondibi a 1591, Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko da wasiƙa zuwa ga Sarkin Kabi na lokacin, Kanta Dawuda, yana zarginsa da ba 'yan gudun hijirar Songhai mafaka, yana kuma yi masa barazana. John Hunwick ya buga nazari a kan wannan wasiƙa a 1971. Tana nuna abu biyu: Kabi ta kai matsayin da sarkin da ke Marrakesh zai rubuto mata, kuma akwai Kanta fiye da ɗaya. Saboda haka yana yiwuwa ƙwarai wasu ayyukan da ake jingina wa Kanta na farko, na ɗansa ne ko jikansa, hikaya ta tattara su ta ɗora wa mutum guda.

Daga Surame zuwa Birnin Kebbi da Argungu

Bello ya ce ƙarfin Kabi ya ɗore kimanin shekara ɗari bayan Kanta, sa'an nan Gobir da Zamfara da Azbin suka taso mata. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace ƙasar Adar daga hannun Kabawa. A farkon ƙarni na 18 aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya koma kudu ya zauna Birnin Kebbi.

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1826. Karari ya gaje shi ya tsaya a Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. A 1849 Nabame ya komo ya ɗaga tutar Kabi a Argungu. Daga nan har zuwan Turawa a 1902, Sakkwato da Gwandu ba su iya mallakar garin ba. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga daga 1867 zuwa 1875, sa'an nan yaƙi ya komo, har Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, ya kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga bakin Argungu a 1892.

A wannan ƙarni ne ake ganin aikin da hikayar Kanta ta yi. Ƙaramar ƙasa ce tsakanin manyan maƙwabta, ta rasa birninta, ta rasa sarakuna a fagen fama, amma tana da labarin kakan da ya ƙi sunkuya wa Askiya, ya kuma kori Barno. Abubuwan da suka taimaki Kanta su ne suka taimaki jikokinsa, watau fadama da ganuwa da jama'ar da suka yarda su tsaya. Ba abin mamaki ba ne idan labarin ya ƙara kauri a bakin makaɗa a daidai wannan lokaci da aka fi bukatarsa.

Gabar ta kwanta a hankali. A 1906 Sarkin Gwandu ya koma Birnin Kebbi da zama. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa bikin su a gulbi, daga nan ne bikin kamun kifi na Argungu ya samo sigarsa ta yanzu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakuna suka zauna a ciki har 1942, ita aka mayar Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Da aka ƙirƙiro sabuwar jiha a 1991 wadda ta haɗa masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, sunan daular Kanta aka ba ta, Birnin Kebbi kuma ta zama babban birninta.

Kammalawa

Abin da tarihi ya tabbatar game da Kanta a taƙaice shi ne: mai Leka ne da ya bi Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, ya rabu da shi a kan ganima a 1516, ya kare 'yancin ƙasarsa daga Songhai, ya kafa zuriyar da ta ɗore har yau, kuma birnin Surame yana nan shaida a kan ƙarfin daularsa. Asalinsa da dambensa da man kaɗanyar Nufawa da dariyar gawarwaki kuwa, waɗannan na hikaya ne, kuma ba a neman shekara ko adadi a cikinsu. Abin da ake nema a cikinsu shi ne yadda Kabawa suka ɗauki sarauta, da waɗanda suka yi hulɗa da su, da abin da suka riƙe sa'ad da aka matsa musu.

Aikin da ya rage yana da yawa. Surame tana buƙatar haƙa na masana kayan tarihi domin a san shekarun ganuwarta da ko akwai mazauna a wurin tun kafin Kanta. Kirarin sarakunan Kabi da waƙoƙin fada da ke bakin dattawan Argungu da Augi da Birnin Kebbi suna buƙatar a ɗauke su a rubuta kafin masu su su ƙaura. Wannan nauyi yana kan jami'o'in wannan yanki da ɗalibansu kafin kowa.